Ni da Iyalina, In Ji Alhaji

Tun ranar da muka dawo daga Zanzibar ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai ɗinkina ta Lamisula sai da ta tsayar da keke ta ce in gaya mata otal ɗin da ya fi, wai ƙanwarta za ta yi aure suna son zuwa can. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma in faɗa muku tun yanzu, mai son labarin gadon alfarma ya nemi Alhaji, shi ya kwana a kai. Ni sau ɗaya tak na leƙa ɗakin.

'Yarmu ɗaya ce, Falmata, shekararta tara. Ranar da ambaliyar nan ta shigo garinmu Maiduguri tana gidan kakarta a bayan Kasuwar Kwastam. Ita da tsohuwar suka yini suka kwana a kan rufi kafin a zo da kwalekwale a sauke su. Jikinta ko ƙwarzane babu. Amma yarinyar da a da sai an ce mata ta rufe wa mutane baki, ta koma sai ka yi mata tambaya uku ka sami amsa ɗaya. Wanka sai da ɗan kofi, a hankali. In aka buɗe famfo da ƙarfi ta bar tsakar gida ke nan, in kuwa hadari ya haɗu ta ajiye cin abinci. An yi addu'a, an yi sadaka, mun je asibiti. Likita ta ce a fitar da ita daga garin ta ga wani wuri kafin damina ta sake zagayowa.

Mijina, Alhaji Jidda, Shuwa ne, yadi yake sayarwa a kasuwa. Wani abokinsa ya cika masa kunne da Zanzibar, ƙasar Musulmi, abinci halal, iska mai daɗi. Da ya zo mini da maganar na ce masa yarinyar da ke gudun bokiti zai kai teku? Ya ce daga nesa za ta gan shi, babu mai tura ta ciki, wataƙila ma ganin ruwan da ba ya cin kowa ya sanyaya mata zuciya. Kwana uku muna ja-in-ja. Na yarda a ƙarshe, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Tikiti da biza mutumin da ke yi masa na Umara ya yi mana, mu uku, lafiya ƙalau. Sai dai shi bai san harkar otal ba, ya haɗa mu da wani Bakano mai ofishin tafiye-tafiye a Abuja, Malam Sani. Alhaji ba ya rubutu a waya, murya yake turawa. Ina zaune ya tura, da kunnena na ji: "Ni da iyalina za mu je mu huta. A samo mana wuri mai kyau, mai shiru, babu hayaniya." Shirun nan don Falmata ya faɗe shi, domin ihun mutane ma firgita ta yake yi tun daga ranar.

Malam Sani ya turo hotunan wurare uku, aka ce ni in zaɓa. Na farko ɗakunansa a kan ruwa suke tsaye bisa turaku, ban ko gama kallo ba na wuce. Na biyu ya cika fitilu da makaɗa. Na uku ɗakuna ne a cikin itatuwan kwakwa, nesa da juna, ruwan can gaba a kwance kamar a faranti. Na ce wannan. Da takarda ta zo na karanta ta da idona, ni da nake koyar da Turanci a firamare, na ga an rubuta manya biyu. Na ce daidai ne, ai mu biyu ne manya. A tasha in an ce mutum biyu, wa yake ƙirga na kan cinya? Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Mun tashi daga Maiduguri zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Adis Ababa, muka yi zaman jira na awoyi a wani sanyi da ya sa Alhaji ya yafa darduma. Falmata ba ta ji tsoron jirgi ba ko kaɗan, har ta ci burodin da aka raba. Sai da muka kusa sauka ta leƙa taga ta ga shuɗi ko'ina babu ƙasa, ta ja labulen da kanta ta kwanta a jikina. Na kalli ubanta, ya kau da kai.

A wajen shiga ƙasa an nemi katin rigakafinmu, na zazzage jaka kaf kafin in tuna yana cikin littafin azkar. Daga nan wani jami'i ya buɗe akwatina ya ci karo da kwalaben humra da turaren wuta. Ya ɗaga ɗaya a haske, ya girgiza, ya kira abokiyar aikinsa. Na yi ta bayani cewa turare ne, 'yar Borno ba ta tafiya babu shi, mutumin nan fuska a murtuke. Matar ce ta buɗe ta shinshina, ta lumshe ido, ta tambaye ni ko ana sayarwa. Na ba ta ƙaramar kwalba ta ƙi karɓa saboda tana kan aiki, amma ta shafa a bayan hannu kafin ta rufe. Gaisuwarsu “habari” ce, kusan labari namu, safiya kuma “asubuhi”. Na ce ashe dai ba mu yi nisa da gida ba.

Direban otal yana jiran mu da allo ɗauke da sunan Alhaji. Na ga ya dubi Falmata, ya dubi takardarsa, kamar zai yi magana sai ya fasa. Mun yi tafiya mai tsawo ta cikin ƙauyuka, mata da hijabi, yara da allo, masallatai ƙanana. Hankalina ya fara kwanciya. Sai motar ta tsaya a bakin ruwa, babu otal, babu gini, sai wani ɗan jirgi mai inji yana rawa a kan igiya.

Ni duk a zatona Zanzibar ce tsibirin, jirgin sama ya sauke mu shi ke nan. Ashe otal ɗin da na zaɓa yana kan wani ɗan tsibiri ne a bayan tsibirin. Hoto bai nuna wannan ba. Na ce wa Alhaji mu koma. Ya ce mu koma ina, a ƙasar da ba mu san kowa ba, ga shi an ce tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Kafin mu gama gardama an loda kaya. Ya sunkuci yarinyar ya shiga, ni ma na bi. Har gobe ina jin haushin kaina da ban zauna a ƙasa na ƙi tashi ba.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Aka sa mata rigar nan mai hana nutsewa, ta sandare, ido a buɗe ba ta ƙiftawa, farcenta a cikin damtsena. Duk sanda jirgin ya hau ya faɗa sai in ji numfashinta ya tsaya. Na karanta duk abin da na haddace. A tsakiyar hanya ta yi amai, matuƙin yana ta cewa “pole, pole”, wato sannu. Da muka isa sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Shatin yana nan a hannuna.

An tarbe mu da ɗan ganga da tawul mai sanyi da kwakwa an soka mata tsinke. Turawa birjik a kan yashi, daga su sai ɗan kamfai, sun baje a rana. Mu a gida kuɗi muke kashewa mu sami inuwa, su sun biya sun zo rana ta gasa su. Kwakwa biyu aka kawo. Mai karɓar baƙi ta miƙo mana tana murmushi, da ta ga ta ukunmu a kafaɗar ubanta sai murmushin ya tsaya. Cikin ladabi ƙwarai ta ce wannan otal na ma'aurata ne zalla, ba a saukar wanda bai kai shekara goma sha shida ba. Suna da wani na masu yara a can babban tsibiri, za su mayar da mu ba tare da mun ƙara komai ba, amma sai mu yi sauri, don matuƙi ya ce iska za ta tashi kafin magariba.

Na fassara wa Alhaji a hankali, amma Falmata ta tsinci kalmar jirgi. Ta zame daga kafaɗarsa ta rungume wani ginshiƙin katako da hannu da ƙafa, ta manna fuskarta a jiki. Jikinta yana kaɗawa har ginshiƙin kamar yana motsi.

Alhaji ya kira Malam Sani ya buɗe murya kowa yana ji. Mutumin nan ya rantse ya maya, ya ce shi bai san da yarinya ba. "Alhaji, kai ka ce kai da iyalinka, kuma wuri mai shiru. Ai duk wanda ya ce iyalina matarsa yake nufi." Alhaji ya ce a gidan uban wa? Su a Larabcinsu na Shuwa iyal 'ya'ya ne, tun yana yaro haka ya ji uwarsa tana kiran su. Ni ina tsaye na san dukansu babu maƙaryaci. Bahaushe kunya ke hana shi cewa matata, sai ya ce iyalina. Shuwa kuwa kalmar tasu ce tun asali, kuma yara take nufi. Shekara goma sha biyu muna aure da Hausa a tsakaninmu, ban taɓa lura kowa da abin da yake ji ba. Zuwa da kai ya fi aike, amma a lokacin karin magana ba ta da amfani.

Hayaniyar ta fito da shugabar wurin, wata dattijuwa doguwa mai ɗan gyale, ana ce mata Bi Zuwena. Bi ɗin nan kamar Hajiya ne a wajenmu. Ta saurari ma'aikaciyarta, ta saurare ni. Alhaji, da ba ya jin Turanci, ya rasa yadda zai kare kansa sai ya kunna mata muryar da ya tura. Na ce masa me za ta ji a Hausa? Sai na ga ta ɗaga yatsa ta ce a maimaita. Da aka zo kan kalmar ta dube shi ta yi masa tambaya da Larabci, 'ya'yansa nawa. Alhaji ya yi turus, ya ce ɗaya, ga ta nan. Ashe kakanta Balarabe ne, kuma ta yi aiki shekaru a ƙasar Larabawa. Ta ce da ita aka tura wa saƙon nan da ta tambayi shekarun yaran.

Na ji sanyi, na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Ta ce ta fahimta sarai, amma dokar ba tata ba ce, ta masu otal ce, kuma baƙin nan sun zo ne bisa alkawarin babu yara. In ta karya, aikinta ne zai tafi. Matuƙi ya leƙo ya nuna sama. Wani ma'aikaci ya fara mayar da akwatunanmu bakin ruwa.

A nan raina ya ɓaci. Na ce masa ya ajiye mini kaya. Na dubi matar nan na ce ba na son ɗakinsu, ba na son abincinsu, ta ba ni tabarma in shimfiɗa a gindin kwakwa, in ta ga dama ta kira 'yan sanda, amma yau babu mai sa 'yata a jirgin nan sai ya bi ta kaina. Sannan na gaya mata abin da ban yi niyyar gaya wa baƙuwa ba, rufin nan, da tsohuwar da ta ɗaure jikanyarta a bayanta da zane don kada barci ya kwashe ta ta faɗa, da ni da nake can wata unguwa ina kiran wayar da ba ta shiga. Ina faɗa ina jin kunya, don Turawa biyu sun tsaya suna kallo.

Bi Zuwena ta daɗe tana duban yarinyar. Sai ta sallami matuƙi ta ce ya tafi. Ta juyo ta ce mini, "Doka ta ce yaro ba zai kwana a otal ba. Ba ta ce ba zai kwana a tsibiri ba."

Ashe a bayan katangar otal akwai ƙauyen masunta, a nan aka haife ta, kuma mahaifiyarta tana nan da ɗaki a rufe na jikokinta da ke karatu a birni. Sai da muka rantse wa Falmata cewa da ƙafa za a je sannan ta saki ginshiƙin. A hanya aka biya da mu ta ɗakin da muka zaɓa don a ajiye kayan Alhaji, domin gidan tsohuwar na mata ne. Leƙawar da na ce na yi ke nan. An watsa furanni a kan gado, an naɗe tawul biyu kamar agwagi suna haɗa baki, ga wurin wanka a waje babu rufi. Na ce masa Allah ya ba ango haƙuri. Bai yi dariya ba.

Gidan tsohuwar kuwa ginin dutse ne da rufin kwano, tsakar gida a share, awaki a gefe, kamar ka shiga wani gida a ƙauyenmu na Dusuman. Kowa Bibi yake ce mata, wato kaka. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, amma ta ga Falmata ta buɗe hannu, na ji kamar ta ce lale. Ta kawo shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa, da miyar wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas. Na yi bismilla na tauna, na tauna, na ce kifin Baga dai Allah ya ja zamaninsa. Na kunna mata turaren wuta, maƙwabta suka yi ta shigowa tambaya. Falmata ba ta ci komai ba. Daga ɗakin ana jin tekun yana bugu, ta toshe kunnuwa da yatsu. Ni kuwa abu ɗaya ke cina: ko mun kwana goma a nan, hanyar fita ɗaya ce, kuma jirgin nan ne.

Da safe na farka na ji shiru. Na duba shimfiɗa babu yarinya. Na fito da gudu ko ɗankwali babu, na same ta a ƙofar gida tsaye kusa da Bibi. Na bi inda take kallo, ni ma na tsaya. Teku ya tafi. Inda jiya ruwa yake tumbatsa, yau yashi ne fari har iyakar gani, jirage a kwance a gefe guda, mata da kwanduna suna tafiya a kai za su gonar wata ciyawar ruwa da suke nomawa.

Falmata ta ce, "Mama, wa ya ce masa ya koma?"

Rabon da ta fara yi mini magana da kanta har na manta. Na fara lalubo abin da na taɓa karantawa a littafi. Bibi ce ta gane. Ta ɗauki kara ta taka zuwa wani baƙin dutse da ke ƙasa da gidan, ta kafa shi a gindinsa. Ta nuna teku, ta yi alamar zuwa da hannu har wajen karan, ta tsayar da tafin hannunta, sannan ta yi alamar komawa. Ta ɗaga yatsu biyu, wato sau biyu kullum. Daga baya 'yarta ta gaya mini cewa a ranakun da wata ya cika ruwan yakan ɗan wuce dutsen, amma tun tana yarinya bai taɓa taka dokin ƙofarsu ba.

Yarinyar nan ta zauna a kan dakali ta tsare karan. Alhaji ya zo da kwandon kayan karin kumallo na otal, ido ja, ya ce bai runtsa ba, ɗaki kamar kabari. Ya ce shi da ya ce iyalinsa, ga shi an raba shi da na Hausa da na Larabci gaba ɗaya. Muka zauna mu uku. Wajen azahar ruwa ya fara dawowa, siriri, yana lasar yashi. Falmata ta kama zanena. Na ce mu shiga ciki, ta girgiza kai. Ya matso, ya matso, ina roƙon Allah kada ruwan nan ya kunyata tsohuwa yau. Ya zo ya taɓa gindin karan, ya yi ta wasa a wurin. Can sai jiƙaƙƙen yashi ya fara bayyana a gabansa. Ta saki zanena ta ce tana jin yunwa.

An sake yi mana tayin otal ɗin masu yara, mai wurin wasa da masu raino, muka ce mun gode. Kwana biyar muka yi a gidan Bibi. Rana ta biyu Falmata da kanta ta kafa karan. Rana ta uku ta bi matan nan taku kaɗan a kan yashi ta dawo da gudu, ta huɗu ta kai har gonar ta dawo da ƙafa jiƙe tana ba ni labari ba tsayawa, har na kusa cewa ta rufe mana baki. Ranar tafiya Bi Zuwena ta sa aka jira sa'ar da ruwa ya kwanta. Ba zan yi ƙarya in ce Falmata ba ta ji tsoro ba. Ta runtse ido, ta riƙe ni, amma da ƙafarta ta shiga, kuma karan Bibi yana hannunta.

To, masu tambayar wanne za su zaɓa, ga abin da na sani. Ku tambaya ko ana shiga jirgin ruwa kafin a isa. Ku tambaya ko na ma'aurata ne zalla ko ana karɓar yara. Kuma kada kunya ta sa ku ce iyali, ku faɗi mutum nawa, ku faɗi shekarun kowa, ko da na goye ne.

Sati uku da dawowarmu aka yi ruwan farko. Hadari ya haɗu da la'asar, na ajiye abin da nake yi ina satar kallon ta. Ta shiga ɗaki ta fito da karan nan, ta kafa shi a bakin magudanar tsakar gida, ta dawo baranda ta zauna. Ni na san ruwan garinmu bai san kara ba, ya nuna mana. Ban faɗa mata ba, Allah ya yafe mini. Ruwa ya sauko da ƙarfi, kwano yana ƙara, na zuba mata burabisko na ajiye a gabanta. Tana kallon karan tana ci, har ta cinye ta miƙo mini kwanon ta ce in ƙara.